Idon Mumuni da Majigin Hajiya Zali

Ku matsa daga gaban akwatin nan tukuna. Kai mai jar riga, da kai nake, ɗauke fuskarka daga bakinsa. A kashe yake, na sani, amma a shagona ba a leƙa bakin majigin lazer ko a kashe ko a kunne, don kada ido ya saba. Tun ɗazu ina jin ku, wai aikin nan ba komai ba ne, goge madubi ne da auduga, wai kun ga yadda ake yi a portabul, wayar hannunku. To madalla. Ni da na yi furfura a kansa, har yau sai na yi bisimilla na dafa ƙirjina kafin in buɗe irin wannan, ku kuwa kun gama koyo a kan benci kuna ɓare gyaɗa. Ku zauna in ba ku labarin Mumuni mai hoto, wanda ido ɗaya Allah ya bar masa kuma da shi yake ciyar da iyalinsa, sannan in ji ko har yanzu goge madubi ne.

Abu na farko da na taɓa buɗewa rediyon wani masunci ne na Tunuga, da ta faɗa kogi aka tsamo ta. Lokacin ina ƙarƙashin Malam Sumana, wani dattijon Bazabarme mai shago kusa da tsohuwar tasha, Allah ya jiƙansa. Na ɗauko turnabis, ƙarfen kwance kusoshi, zan kwance, ya make mini bayan hannu da ƙotarsa. Ya ce in ajiye, in duba, in faɗa masa abin da na gani. Na ce na ga rediyo. Ya sake make ni. Haka na wuni gaban rediyon nan hannuna a cinya, har na fara ganin laka a ramin lasifika, da tsatsa a bakin gidan pil, wato batir, da wata waya da ta yi kore. Damina guda na yi ina kallo kawai, ina riƙe masa dalma, ina hura garwashin da yake ɗora ƙarfen liƙi a kai, don ba kullum ake samun kuran, wato lantarki, ba. Daga rediyo muka koma tele, daga tele muka koma bidiyo, sai majigin gidajen kallon ƙwallo mai ƙwan fitila. Wancan majigi in ka leƙa shi idonka ya yi ruwa, ka zagi kanka, ka wuce, shi ke nan.

Na lazer daban ne. Da suka fara shigowa cikin manyan motocin Kwatano, masu hayar kayan biki suka yi musu caa, kowa yana son taurari da furanni su riƙa yawo a bango ranar aurensa. Na farkon da aka kawo mini ban taɓa shi ba. Na rufe shago na tafi Kwatano wurin wani mai gyara da aka kwatanta mini, na zauna gabansa kamar yaro da gemuna. Ranar farko a aikace ya nuna mini. Ya ba ni tabarau mai ruwan goro na sa, ya cire wani ɗan madubi daga bakin majigi, ya kunna, ya kanga baƙar leda can nesa. Kafin in gyara zama ledar ta huje, hayaƙi yana tashi. Ya nuna ledar, ya nuna idona. Ba na jin yarensa, shi ma Hausarsa ta ciniki ce, amma ban nemi tafinta ba.

To ga yadda abin yake, ku buɗe kunne. A cikin akwatin nan hasken siriri yake fitowa kamar allura. Kafin ya fita waje sai ya bi ta wani ɗan madubi da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, mu muna ce masa mai watsawa. Shi ke fasa allurar nan ta zama taurarin da kuke gani, kowane ba ƙarfi. Muddin yana lafiya, jariri ma ya wuce ta gabansa. Amma in ya ƙarce, ko ya ƙone, ko ya tsage, allurar takan samu hanya ta fita ɗungurungum a tsakiyar taurarin, kuma ba mai gane ta sai a ce wannan tauraron ya fi kyau. Can bayan ido inda take sauka babu zafi. Da akwai zafi da mutum ya kauce. Shi ya sa masu ƙera shi suka sa wani ɗan abu a gefen madubin, da Faransanci kapter, mu kuma ɗan gadi. Aikinsa ke nan, ya riƙa kallon yadda hasken ke watsuwa, da ya ga ya sake sai ya kashe majigin gaba ɗaya. Rabin rigimata da mutanen Gaya a kan ɗan gadin nan take, don su a ganinsu shi ne ciwon.

Kayan aikina ga su nan kuna gani, ba wani abin a zo a gani. Tabarau mai ruwan goro, madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, ƴar tocila, farar takarda, baƙar leda, auduga, ruwan alkol na goge madubi, da iskar roba ta hure ƙura. Sai ka cire majigin daga kuran, ka buɗe, ka haska madubin da tocila daga gefe, ba daga gaba ba, kana juya shi a hankali har tsaga ta kama haske. Wata tsagar ta fi gashin gira siranta. In ba ka ga komai ba ka mayar, ka fitar da kowa daga shago, ka sa tabarau, ka juya bakinsa ga bango, ka kunna daga baya. Ka bi bangon da farar takarda. In hasken ya bazu daidai, to. In akwai ɗigo ɗaya da ya fi ƴan uwansa kaifi, ka kanga leda. Leda ta yi laushi kawai, ba sai ta huje ba, wannan majigi ba ya komawa gidan biki.

Akwai wani mai kayan sauti daga Bengu da ya kawo mini nasa a buhun shinkafa, a bayan moto, wato babur, yana fushi wai sabo ne amma yana mutuwa. Na buɗe na ga madubin kamar an yi shara a kansa. Na tambaye shi da me yake gogewa. Ya ce da toka da lemun tsami, yadda uwargidansa ke wanke faranti, wai don ya yi ƙyalli. Wallahi sai da na fita waje na sha iska. Wani da gefen babbar riga yake gogewa, wani ya tofa yawu, wani ya sa man goge baki. Kowannensu in ya zo maganarsa ɗaya ce: Malam Ide, cire mana abin nan da ke kashe shi. Ka yi bayani har bakinka ya bushe, ya gyaɗa kai, ya ce ya gane, sannan ya ce to yanzu yaushe za ka cire.

Amma duk wannan wasa ne a kan turare. Kun san lazer ba ya nuna igiyoyinsa a iska sai da hayaƙi. A manyan birane akwai injin hayaƙi da aka yi don haka. Mu nan Gaya wata mai dabara ta lura cewa in aka shigo da kaskon turaren wuta gaban amarya, hasken yakan fito zara-zara a cikin hayaƙin, kore da ja, ga ƙamshi. Shi ke nan abu ya zama yayi. Kowane biki sai a rufe tagogin zaure da labule da la'asar, a dasa kasko a ƙarƙashin majigi daidai bakinsa, a yi ta zuba turare. Turaren matanmu kuwa kun san da me ake haɗa shi, da mai da sukari da itace. Iskar da ke sanyaya majigin ita ke zuƙo hayaƙin ciki, maiƙon ya kwanta a kan madubi, hasken ya soya shi, wurin ya yi baƙi, ya yi zafi, ya tsage. Na faɗa a shago, na faɗa a gidan suna, na faɗa a bakin masallaci: ku nisanta kasko da majigi. Sai a ce Malam Ide ba ya son ƙamshi.

Wadda ta fi kowa iya wannan ado ita ce Hajiya Zali, mai hayar kujeru da rumfa da kayan sauti, kuma ita ke haɗa turarenta da hannunta. Ƴar kawuna ce, wato taubashiyata. Tun muna yara ba mu taɓa yin maganar kirki ba. In na ce mata ina kwana sai ta ce bawanta ya zo shara, in ce mata wa zai share gidan mai rowa. Haka muka girma, haka muka tsufa, kuma ina jin daɗin abin. Majiginta shi ya fi na kowa ƙarfi a garin nan, ni ke duba mata shi bayan kowane babban biki, in wanke maiƙon, in sake madubi in ya soma tabo. Duk bikin da ta ɗauka kuma Mumuni ne mai hotonta.

Mumuni ɗan masuntan Tunuga ne. Yana ƙarami ƙugiyar mamari ta fizge ta ɗauke masa idon hagu, shi ya sa bai bi ubansa kogi ba, ya koyi hoto. Yaro mai ladabi, Baba yake ce mini, kullum in zai wuce sai ya tsaya ya gaishe ni ya hure kamerarsa da iskar robata. Kamerar tsohuwa ce, irin wadda ake kangawa a ido a leƙa ta ɗan rami, da dogon madubi a gaba mai jawo abu daga nesa. Na sha gaya masa cewa madubin nan yadda yake tattaro fuskar amarya haka yake tattaro haske ya zuba masa a ido, kada ya taɓa fuskantar majigi da ita. Yakan yi dariya ya ce ai tunda ni ke duba na Hajiya hankalinsa kwance yake.

Sai ga shekarar da aka rufe iyaka. Ku kun san ta, ba ku yi ƙanƙanta ba. Gadar kogi da ke kan iyakar ta tsaya cik, motoci suka yi layi har suka gaji suka juya, kuran ya zama sai an ga dama, kowa ya koma gurup, injin ba da wuta. Mu masu gyara muka shiga uku, don duk ɗan abin da muke sawa daga Kwatano yake zuwa. Madubin da nake da su a gwangwani suka ƙare. Na aika ta hannun masu jirgin ruwa, wani ya dawo da wanda ba shi ba, wani ya dawo da labari. Majigai suka taru a shagon nan har saman kanta, masu su suna zuwa suna yi mini kallon mugu. Na koma gyaran fanka da tocila don a ɗora tukunya. A shekarar nan na ƙi aiki fiye da wanda na karɓa, har aka fara cewa tsufa ya kama ni na manta sana'a.

Cikin wannan hali Hajiya Zali ta sauko daga mota da majiginta a naɗe cikin zane. Ta ɗauki auren ƴar wani babban ɗan kasuwa, ga shi majigin da an kunna sai ya mutu. Na buɗe. Tun kafin in ɗauko tocila ƙamshin turarenta ya buge ni. Madubin ya yi baƙin tabo a tsakiya, tsaga ta ratsa shi daga gefe zuwa gefe. Ɗan gadi yana aikinsa ne, bawan Allah. Na ce mata babu madubi a Gaya, babu a Doso, ta yi bikin nan da fitilu masu launi, zan ara mata nawa. Ta ce ita Zali ta yi auren gidan Alhaji da fitilun mai shayi? Ta ce bawa ya samu wuri, yau shi ke ba uwargijiyarsa umarni. Na ce mata ba wasa nake ba. Ta ce ai ba ka taɓa yin wasa ba, mai baƙin hali.

Kun ga inda taubasantaka ta cuce mu. Shekara da shekaru duk abin da ya fito bakina zuwa kunnenta tsokana ce, yau kuma ina neman ta ji gaskiya da bakin nan. Na fitar da ƴan rakiyarta waje, na ba ta tabarau, na danne ɗan gadin da yatsa na ɗan lokaci, na kanga leda. Ledar ta huje nan take. Na miƙa mata, na ce:

“Zali, dubi Allah ki dube ni. Na ajiye wasa. Wannan ramin a idon mutum zai kasance, kuma ba ya ɗinkuwa.”

Ta juya ledar, ta leƙo ni ta ramin, ta fashe da dariya. Ta ce tun muna yara nake tsorata ta da dabaru, har kunamar roba na taɓa sa mata a kwano, yanzu kuma na koyo sihirin leda a Kwatano. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce majigin nan ba ya fita shagona. Ta ce da kuɗina aka saya? Ta kira direbanta ya ɗauka. Abin da na iya kawai, na zare fis ɗinsa, wanda in babu shi ba ya kamawa, na jefa aljihu tana kallo, na ce duk wanda ya mayar da shi shi da Allah. Da yamma Mumuni ya biyo, na zaunar da shi na gaya masa komai, na ce in ya ga majigin nan a zaure kada ya ɗaga kamera, sai in ni na ce masa na gyara. Ya ce to Baba.

Ranar bikin ina Karakara, an yi mana rasuwa, wurin da portabul ba ya kamawa sai ka hau tudu. Abin da ya faru daga baya na ji shi, daga bakin Mumuni da na Hajiya, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Ta kai majigin kasuwa wurin wani mai gyaran portabul, irinku, mai saurin hannu, wanda ya ga yadda ake yi a waya. Ya sa fis, ya ga yana mutuwa, ya bi waya ya gano ɗan gadi, ya haɗa shi da ɗan guntun ƙarfe ya kewaye shi. Majigi ya kama, bai ƙara mutuwa ba. Yaron har da murna, ya gyara abin da ya gagari tsoho. Ba zan faɗi sunansa ba, ba mugu ba ne, bai san abin da ya kashe ba.

Mumuni ya shiga zaure ya ga majigin a kan tebur kusa da ƙofa, ga kasko a ƙarƙashinsa. Ya nemi lambata, ba ta shiga. Ya tambayi Hajiya, tana tsakiyar hidima, ta ce masa an gyara. Shi a duniyarsa mutum ɗaya ke gyara majigin Hajiya. Bai sake tambaya ba. Aka rufe labule, aka zuba turare, aka shigo da amarya ta ƙofar nan, taurari suna yawo cikin hayaƙi, guda ɗaya a tsakiya kore shar yana yanka zauren. Shi kuma aikinsa ya tsaya can gaba ya fuskanci ƙofa ya ɗauki shigowarta. Ya durƙusa, ya kanga kamera a idonsa na dama, ya jawo fuskarta. Ya ce wani kore ya cika masa ido sau ɗaya, kamar walƙiya, ba zafi. Ya ƙifta, ya ci gaba da aiki. Sai ya ga duk fuskar da ya auna akwai baƙin tabo a kanta. Ya goge madubin kamera da rigarsa, tabon yana nan. Ya sauke kamerar, tabon yana nan.

Da na dawo na tarar an kai shi likita nan Gaya, sun tura shi Doso, Doso suka tura shi Yamai. Hajiya ce ta kai shi da motarta, ta zauna da shi har aka gama. Likitan ido ya ce tsakiyar ganin ce ta ƙone, gefe-gefe yana nan, kuma ba magani ba aiki, sai abin da Allah ya yi. Ku kuma ga abin da zai sa mutum ya haɗiye zuciya: a makon nan, Mumuni yana Yamai, masu hayar kaya suka yi ta zuwa shagon nan ɗaya bayan ɗaya, wai ba a taɓa ganin haske mai kyan na bikin gidan Alhaji ba, in mayar musu da nasu haka. Na farko na yi masa bayani. Na biyu na nuna masa ƙofa. Na ukun ban san abin da na faɗa masa ba, maƙwabta ne suka riƙe ni.

Hajiya ta kawo majigin da kanta, ta ajiye shi a kan kantar nan, shi ne wanda na hana ku leƙawa. Ta gaishe ni da Malam Idrisu, cikakken sunana, tana kallon ƙasa. Tunda aka haife mu ba ta taɓa kirana haka ba, kuma har yau ba ta ƙara tsokanata ba. Na so in yi mata faɗa, na ga ba sauran wurin da faɗa zai shiga.

Mumuni ya sayar da kamerar. Yanzu yana taya ƙanensa awon shinkafa a kasuwa, don mudu ba ya buƙatar a auna fuska. Bayan ya dawo daga Yamai ya biyo ta nan da safe kamar yadda ya saba, ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa. Na ga ya karkata kai, yana kallon bayana, wajen kanta. Na waiga in ga abin da yake kallo, ba komai. Na ce Mumuni, ga ni nan. Ya ce:

“Na gan ka, Baba. Ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Yanzu sai na kalli kunnenka nake ganin fuskarka.”